Jan Makunnin Orval

A garinmu na bakin kogin Columbia, da ƙarfe uku da rabi na yamma ta yi, kowa ya san Orval Tollefsen ya shige ɗakinsa na bayan gareji ya turo ƙofa. Matarsa Hilma takan ce ko gobara ce ta tashi a gidan a wannan lokaci, sai dai ta rubuta masa takarda ta zura ta ƙarƙashin ƙofa. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana hawa turakun wayar tarho kafin gwiwa ta sauko da shi. Tun yana saurayi kuma yake da lasisin rediyon sha'awa, irin na mutanen nan da ke kafa eriya a bayan gida su ɓata yini suna hira da wani baƙo a Ostareliya a kan ruwan sama. Da yaƙin Vietnam ya yi zafi, sai ya shiga cikin 'yan sa-kai da soja ke ba izinin hawa layinsu. Aikin ba wani mai sarƙaƙiya ba ne. Yaro yana can fagen fama yana son jin muryar gida, rediyo ya tsallako teku da muryarsa, Orval ya karɓa ya zuba ta cikin wayar tarho har kunnen uwarsa ko matarsa.

Soja suka ba shi takardar izini da sabon sunan kira, suka ba shi aron na'urar aikawa mai nauyin ɗan maraƙi, ragowar wani yaƙin da ya wuce, da littafin ƙa'idoji mai bango ruwan toka. Sauran kayan nasa ne. Akwai eriya bisa hasumiyar ƙarfe da yake juyawa ta fuskanci yamma, akwai wani ɗan akwati da ya haɗa da hannunsa mai makunni biyu. Baƙin makunni na juya magana ne, domin layin ba ya ɗaukar baki biyu a lokaci guda. Mai magana ya gama ya ce "oba", wato ga ka nan, sannan Orval ya juya wa ɗayan. Jan makunni na yankewa ne, in ya danna shi maganar ba ta ƙara shiga tarho, shi kaɗai zai ci gaba da ji a abin kunnensa. Sai kuma agogon yashi na dafa ƙwai da ya sato daga kicin ɗin Hilma, don minti uku ne rabon kowane soja. Tun daga ranar, ƙwai a gidan Tollefsen ko dai ya yi ruwa ko ya zama dutse.

Ƙa'idojin ma ba su da yawa. Ba a faɗin inda ake ko inda za a tafi, kuma ba a ashar. Babbar cikinsu ita ce ba a ba da labarin wanda ya mutu ko ya ji rauni ta wannan layi, sai soja sun aiko da mutanensu gida sun faɗa da bakinsu. Abin da mai haɗa kira ya ji kuwa, a kunnensa zai tsaya, ko matarsa ba ta da rabo a ciki. Wanda ya karya wannan, a karɓe takardarsa, a turo mota ta kwashe na'urar. Orval ba ya jin nauyin irin waɗannan abubuwa, mutum ne da ke tsayawa a jar fitila ko da kare ba ya wucewa a titin. Kuma yana son aikin nan, so na gaskiya. Tun da ya bar hawa turaku, shi ne kaɗai abin da ke sa ya aske gemu da safe.

Wata Juma'a ce a watan Nuwamba na 1968, ana ruwa kamar kullum. Ya kunna kayan, ya jira ƙwayayen gilashin da ke cikin na'urar suka yi ja, ɗakin ya ɗauki warin ƙura mai zafi. Can sai muryar Saje Pettibone ta fito daga cikin shuuu ɗin iska. Pettibone shi ne mai tashar da ke can ɓangaren Vietnam, inda gari ya riga ya waye Asabar.

"Tsoho, kana ji na? Oba."

"Rangaɗau nake jin ka, tsoho. Nawa ka tara mini yau? Oba."

'Yan rediyo haka suke kiran junansu, ko da kuwa ɗaya shekararsa sittin da ɗaya, ɗayan ashirin da uku.

"Goma sha huɗu, kuma tun asuba suke tsaye a layi, rabinsu sun fara hararata kamar ni na ƙirƙiro teku. Ɗauki fensir, in gwiwar ta bar ka. Oba."

"Gwiwa ba ta riƙe fensir, yaro. Karanto. Oba."

Pettibone ya karanto sunaye da lambobin tarho, Orval na rubutawa a rajista. Ana tura wa kowane ɗan sa-kai kiran da ya fi kusa da yankinsa, saboda haka ba abin mamaki ba ne lambar garinmu ta faɗo cikin jeri. Amma da aka zo na biyar, fensirin ya ɗan tsaya. Kofur Curtis Yoakum, zai yi magana da gwaggonsa, Misis Verna Lahti.

Orval ya san Verna tun suna ajin koyon addini a cocin Lutheran. Mijinta ya nutse da kwalekwalen kamun kifi shekara goma sha biyu da suka wuce, ita kuma tana aiki a masana'antar gwangwanin kifi. Ɗanta ɗaya ne, Wesley, yana can Vietnam, kuma sau uku Orval ya haɗa su. Ya kuma san Verna ba ta da ɗan'uwa mace ko namiji, balle a ce wani Yoakum ya kira ta gwaggo. Ya kamata ya tambaya. Sai ya ce a ransa ai yaran nan sukan yi wa juna haka, wanda ya samu shigowa sansani ya kai wa uwar abokinsa gaisuwa. Bai ga laifin gaisuwa ba, sai ya bar shi.

Kira huɗu na farko suka wuce yadda suka saba. Wata amarya a Portland ta kasa haɗa kalmar so da "oba" a numfashi guda, ta yi ta dariya har yashi ya kusa ƙarewa. Wani uba ya cinye minti biyu yana bayanin abin da ya lalace a tarakta. Orval na juya baƙin makunni, idonsa a kan yashi, ba ya sa baki. Ya daɗe da koyon sauraren magana ba tare da ya shiga cikinta ba, kamar mai tsaron ƙofar asibiti.

Sannan ya buga lambar Verna.

"Verna, Orval ne. Akwai kira daga ƙetare."

"Wes ne?"

"Wani abokinsa ne, Curtis. Kin dai san yadda ake yi."

"Na sani, malamin makaranta. In ce oba, kar in tambayi inda suke. Bari in sauke tukunya."

Ya ji ƙarar murfi, ya ji ta jawo kujera. Ya kifa agogon yashi, ya juya makunni.

Muryar da ta fito ta yaron kudancin ƙasarmu ce, a hankali take tafiya, kuma a dushe. "Misis Lahti, ranki ya daɗe, sunana Curtis. Ba ki san ni ba. Ni da Wes tanti ɗaya muke. Oba."

"Na san ka mana! Kai ne mai cinye masa kifin da nake aikawa. Ya rubuto mini kai ƙarar ka. Yaya kuke? Yana kusa? Oba."

Orval ya juya. Shiru ya ɗan yi tsawo, irin wanda ba na iska ba ne. Wanda ya haɗa kira dubu biyu ya san bambancin. Yatsansa ya bar baƙin makunni ya koma kan ja, tun kafin shi kansa ya san dalili.

"Ranki ya daɗe, mun yi alkawari da shi, ni da shi. Cewa ba baƙo ne zai zo ƙofarki ba, ni da bakina zan..."

Orval ya danna.

Maganar ta daina shiga tarho, amma ba ta daina shiga kunnensa ba. Yaron bai san an yanke ba. Ya ce jiya da rana ne, a bakin wata gona. Ya ce shi ya ɗauko shi a kafaɗa har jirgi, kuma kafin jirgin ya tashi Wes ya riga ya cika. Ya ce bai daɗe yana shan wahala ba. Sai aka ji kokawa da makirufo, da wata kalma da littafin toka ya hana, sannan muryar Pettibone tana haki.

"An soke na biyar. Na juya baya ina raba faɗa a layi, ya shammace ni. Ka kama a kan lokaci? Oba."

"Na kama. Oba."

"Hannunka na da kyau, tsoho. Shirya na shida. Oba."

Tambaya ɗaya ce a bakin Orval, ko gaskiya ne. Ba shi da ikon yin ta. Layin a buɗe yake, duk mai rediyo daga nan har Manila yana iya ji, kuma tambayar kanta karya ƙa'ida ce. Ya ɗauki kan tarho.

"Orval? Orval, ya ɗauke. Me ya ce? Wane alkawari?"

"An yanke kiran, Verna."

"Iska ce?"

'Yan sa-kai da yawa a nan sukan ce iska ce, a wuce wurin. Orval bai iya ƙarya ba, ba don tsoron Allah kaɗai ba, har da rashin gwaninta.

"An yanke bisa ƙa'ida. Iyakar abin da zan iya faɗa ke nan."

"Wa ya yanke?"

"Akwai mutum tara suna jira, Verna."

Ta ce, "To," ta ajiye.

Ya haɗa sauran taran. Bai yi kuskuren juya makunni ko sau ɗaya ba. Ƙarfe shida saura iska ta fara lalacewa, suka yi sallama da Pettibone, ya rubuta a rajista cewa an yanke na biyar bayan daƙiƙa hamsin saboda ƙa'idar labarin rauni da mutuwa. Ya kashe kayan ya zauna yana jin ƙarfe na ƙas-ƙas yana hucewa.

A teburin cin abinci Hilma ta zuba masa miyar kifi da dankali. Ya yi ta juya cokali.

"Miyar ce ta yi maka laifi, ko kishiyata ta ƙarfe ce ta ɓata maka rai?"

"Ba komai."

"Ba komai ɗin nan naka na san shi. Shekara talatin da takwas ina cin abinci da shi." Ta tura masa burodi. "Wani ya yi ashar?"

"Hilma, kin san ba na faɗa."

"Na sani. Ko fasto ya fi ka sakin baki." Ta dube shi da kyau, sai ta bar tsokanar. "Na garin nan ne?"

Ya ci gaba da juya cokali. Ta tashi ta kwashe kwanonin, ba ta ƙara tambaya ba, amma ya ga ta tsaya a bakin famfo tana ƙirga da yatsu. Yaran garinmu bakwai ne a can fagen fama.

Shi kuwa yana da abin da yake riƙewa da shi. Ƙa'idar nan ba don mugunta aka kafa ta ba. A taron 'yan sa-kai ana yawan ba da labarin wani gida a Idaho da abokin ɗansu ya rubuto musu cewa ya ga gawarsa. Suka yi kuka, suka yi addu'a a coci, uwar ta kwanta ciwo, bayan kwana tara aka gano yaron yana asibiti a Japan da ransa. A fagen fama ido na ruɗewa. Shi ya sa soja ke tabbatarwa tukuna, sannan su sa hafsa biyu a koriyar mota su zo ƙofa. Wani lokaci kwana biyu, wani lokaci biyar. Orval ya juya wannan labari a ransa ta kowane gefe, yana so ya yi masa amfani. Amma abokin na Idaho daga nesa ya hango. Wannan cewa ya yi a kafaɗa ya ɗauko shi.

Da safiyar Asabar ya ce zai je sayen ƙusa. Shagon ƙusa yana gabas, shi kuma ya yi yamma, ya bi ta layin su Verna a hankali. Babu koriyar mota. Labulen tagar gaba a ɗage yake, ya ga inuwar mutum a zaune a bayansa. Bai juya kai ba, ya taka mai ya wuce, ya ji kunya kamar wanda aka kama yana leƙen gidan mutane. Ya dawo gida babu ƙusa, ya shige ɗakin rediyo, ya kwance bayan wani tsohon akwatin karɓa da lafiyarsa ƙalau ya hau goge shi.

Ƙarfe sha ɗaya da kwata ya ji mota ta tsaya. Ya ji muryar Hilma a tsakar gida, ya ji takun mutum biyu a kan tsakuwa. A tarihin ɗakin nan Hilma ba ta taɓa buɗe ƙofarsa ba tare da ƙwanƙwasawa ba. Ranar ta buɗe.

"Ga Verna," ta ce. Ta koma bakin ƙofa ta tsaya, hannuwanta cikin aljihun rigar girki.

Verna na sanye da kot ɗin zuwa coci da ɗankwalin leda na ruwa. Ta rungumo wani ƙunshi a ƙirji, kwali ne naɗe da takarda ruwan ƙasa, an ɗaure shi da igiya tam. Ta dubi ɗakin. Shekara biyu muryarta na ratsawa ta cikinsa, ba ta taɓa shigowa ba.

"Ashe nan ne," ta ce. "Na zaci ya fi haka girma."

"Zauna, Verna."

Kujera ɗaya ce a ɗakin. Ya tashi ya ba ta, ta zauna a gaban na'urorin, ƙunshin a cinyarta. Ta kai ido kan ɗan akwatin.

"Wanne ne ka danna?"

Ya nuna mata jan. Ba sirri ba ne, yana cikin littafin da kowa ke iya karantawa.

"Kai ne dai ka yanke."

"Ni ne."

"In an danna, kai kana ci gaba da ji?"

"Ina ji."

Ta gyaɗa kai. Idanunta a bushe suke, amma fatar ƙarƙashinsu ta yi baƙi.

"Tun jiya nake lissafi," ta ce. "Na ce ƙila aure ya yi a can, yana tsoron faɗa mini. Na ce ƙila faɗa ya yi aka kulle shi, ka san zuciyar ubansa gare shi. Na ce ƙila ƙafa ce, ko hannu. Har na fara tunanin yadda za a yi da matakalar gidan in keken guragu ne. Ka ga inda na kai."

"Verna, takardar da na sa wa hannu..."

"Na san takardarka. Hilma ta faɗa mini abin da za su yi maka, a tsakar gida yanzu, don kar in matsa. Ba zan ce ka faɗa mini abin da yaron ya ce ba."

Orval ya ji sanyi a ransa, kuma ya ji haushin kansa da ya ji sanyin.

Ta ɗora tafin hannu a kan ƙunshin. "Na Kirsimeti ne. An ce wanda bai shiga gidan waya yau ba, ba zai isa kan lokaci ba. Sha biyu suke rufewa." Ta dubi agogon bango, shi ma ya duba. Saura minti talatin da biyar. "Kai ka yi aiki da waya duk rayuwarka, ka san yadda saƙo ke tafiya. Shawara nake nema, irin ta maƙwabta. In kai, ko in koma da shi gida?"

Babu inda littafin toka ya yi maganar ƙunshi. Orval ya san littafin kamar tafin hannunsa, kuma ya san wannan ba mafita ba ce. Duk amsar da zai bayar, amsar waccan tambayar ce. In ya ce ta kai, ya yi mata ƙarya, ta tsaya a layin gidan waya tana murmushi da mutane, bayan wata guda ƙunshin ya dawo mata da hatimi a kai. In ya ce shi ba ya ba da shawara, ta koma bayan labule ta ci gaba da auna matakala har Talata ko Laraba. In ya ce kar ta kai kuwa, ya karya babbar ƙa'ida, kuma ko ba mai sa-ido da ya ji, shi ne zai rubuta wa shugaban 'yan sa-kai na yankin da hannunsa ranar Litinin, domin haka aka yi shi. Za su turo mota. Yara goma sha huɗu da ke tsayawa a layi tun asuba za a raba su ga wasu tashoshi, wasu su samu shiga, wasu iska ta rufe kafin a zo kansu. Ya kuma tuna gidan nan na Idaho, ya ba shi dama ta ƙarshe ya cece shi. Bai cece shi ba.

Ya dubi Hilma. Ita ƙasa take kallo, ba ta da niyyar taimakonsa.

"Kar ki kai, Verna," ya ce.

Ruwa na sauka a kan kwanon gareji. Verna ba ta yi ihu ba, mutanen garinmu ba su cika yi ba. Ta sunkuya kaɗan a kan ƙunshin. Hilma ta taho ta tsaya a bayanta ta dafa kafaɗunta biyu.

"Ba asibiti ba," Verna ta ce, ba ta ɗago ba.

"Ba asibiti ba."

"Yaron yana wurin?"

Tunda ƙofa ta riga ta buɗe, bai ga amfanin tsayawa a bakinta ba. Ya faɗa mata duka, yadda ya ji, bai ƙara ba bai rage ba. Ranar, da gonar, da kafaɗar, da jirgin. Ya faɗa mata yaron ya ce bai daɗe yana shan wahala ba. Ya kuma ce mata soja ba su tabbatar ba tukuna, kuma akan yi kuskure, don hakkinta ne ta san wannan ma.

"Kai ka yarda kuskure ne?"

"A'a."

Ta share fuska da bayan hannu, ta gyara zama. "Me za su yi masa? Shi Curtis ɗin."

"Ƙila su rage masa igiya. Ba za su ƙara barinsa ya hau layi ba."

"Saboda ya cika alkawari."

"Saboda ya faɗa a iska, inda kowa ke ji."

"Kai kuma ka toshe masa baki." Ba da faɗa ta faɗa ba, kamar mai karanta abin da ke rubuce ne. Orval bai kare kansa ba. Har yau in ka tambaye shi zai ce yankewar daidai ce, kuma abin da ya yi da safen nan ma bai ce kuskure ba ne. Bai taɓa iya haɗa biyun wuri guda ba.

Verna ta sake duban agogo. Saura minti ashirin da biyu.

"Ba ni abin rubutu."

Ya miƙa mata fensirin rajista. Ta ce ba wannan ba, mai tawada, wanda ruwa ba zai wanke ba. Ya lalubo alƙalami a aljihun tebur. Ta kwantar da ƙunshin a gaban na'urar aikawa, ta ja layi ɗaya a kan sunan ɗanta, a miƙe, ta ja wani a kan lambarsa ta soja. Sauran adireshin ta bar shi yadda yake, tunda tanti ɗaya suke.

"Karanto mini sunansa yadda aka ba ka."

Orval ya buɗe rajista ya karanto mata, harafi bayan harafi, da muryar da yake karanta wa Pettibone. Kofur Curtis Yoakum. Ta rubuta shi a saman sunan da ta ja wa layi.

"Akwai kifi mai hayaƙi gwangwani huɗu," ta ce, "dama shi ke cinyewa. Da burodi mai kayan ƙamshi, ƙila ya bushe kafin ya isa. Da safa ƙafa uku, na saƙa." Ta rufe alƙalamin. "Wes ƙafarsa babba ce. Shi wannan yaya girmansa?"

"Ban taɓa ganinsa ba, Verna. Muryarsa kawai na ji."

"To, in ta yi masa yawa ya naɗe bakin."

Ta miƙe ta rungumi ƙunshin. Hilma ta riƙe ta, ta ce wa mijinta ya daina tsayuwa kamar turke ya ɗauko makullin mota. Ya ɗauko. Suka sa Verna a gaba, Hilma ta zauna a baya da ƙunshin, ta lulluɓe shi da rigar girkinta saboda ruwa. Sun isa gidan waya saura minti shida, akwai mutum huɗu a gabansu, kowa da nasa kwalin. Verna ta karɓi nata ta shiga layi.